Ƙwaya talatin a tsakar gidanmu

5 ga Nuwamba, 2023

Jiya da daddare na jiƙa irin a kofin shayi. Ƙwaya talatin ne, kowace ba ta wuce girman ƙwayar alkama ba. Da safen nan 23 sun nutse, bakwai suna yawo a sama. Masu yawon galibi holoƙo ne, na kwashe su na zubar.

Irin baƙin fayin ne na ƙasar Japan, wanda su can suke kira kuromatsu, bishiyar nan mai ganye kamar allura. Da shi nake so in koyi bonsai, wato renon bishiya a ƙaramin kasko ana yi mata aski da tanƙwara har ta yi kama da tsohuwar bishiyar daji, alhali tsawonta bai fi kamu biyu ba. Ba wani irin wada ba ne na daban. Bishiya ce kamar kowace, in ka dasa ta a fili za ta yi girmanta. Daga Sin sana'ar ta faro, Japanawa suka ɗauka suka goge ta. Abin da ya ja ni hoton wata ce da ke gidan adana bishiyoyi na birnin Washintan, farin fayin da aka fara reno tun 1625. Tana Hiroshima aka jefa bam a 1945 ta tsira, sannan mai ita, Masaru Yamaki, ya ba Amurka kyautarta a 1976. Shekara kusan ɗari huɗu ba a taɓa mantawa da ba ta ruwa ba. Ni kuwa ko tumatir ban taɓa shukawa ya yi ba.

Irin yana son ya ɗanɗana sanyi kafin ya tsiro, kamar wata ɗaya zuwa biyu, don a ƙasarsu cikin sanyi yake kwana a ƙasa har bazararsu ta zo. Na naɗe shi a tsumma mai ɗan danshi na sa a leda. Firjinmu dai kabad ne kawai, wuta ba ta zama. Maƙwabciyarmu mai sayar da zoɓo da kunun aya tana da sola, uwargida ta kai mata, da roƙon kada a sa a wajen ƙanƙara. Ta dawo tana dariya, wai matar ta tambaye ta ko magani ne malam ya bayar.

19 ga Nuwamba, 2023

Haƙuri ya gagara. Na bi ta wajen masu sayar da furanni a bakin titi a Nasarawa na tambayi wani dattijo ko yana da fayin. Ya ce, "Alhaji, ai ga shi nan birjik," ya ɗauko mini ɗaya a baƙar leda, tsawonsa ya kai gwiwata. Na biya ban ko taya ba.

Sai da na zo gida na zauna da shi na gane kallon kitse na yi wa rogo. Fayin na gaskiya alluransa a ɗaure suke fitowa, biyu-biyu ko uku-uku ko biyar-biyar, gindinsu cikin wani ɗan kube. Wannan kuwa in ka ja allurar sai ta rabu gaɓa-gaɓa kamar rake. Ashe ba ganye ba ne, siraran rassa ne, ganyen wasu ƙananan haƙora ne da suka kewaye kowace gaɓa, sai ka ƙura ido kake ganinsu. Kasurina ce, wadda ake shukawa a bakin katangar makarantu, iska na kaɗawa tana fito. Dattijon bai cuce ni ba, sunan da kowa ke kiranta ke nan a wajen. Kuma na ga mutanen Indunusiya suna yin bonsai da ita mai kyan gaske. Ta zauna, da ita zan koyi riƙe almakashi.

16 ga Disamba, 2023

Kwana arba'in da ɗaya a firji. Yau na shuka.

Ƙasar ce ta cinye mini mako guda. Japanawa suna amfani da wata ƙasa mai ƙwaya-ƙwaya da suke kira akadama, wadda ke riƙe danshi amma ruwa yana wucewa. A nan ba ta, kuma ko akwai ba ni da kuɗinta. Abin da ake nema dai ƙwayoyi ne masu barin iska ta shiga tsakaninsu. Na samo burji daga inda ake cikon hanya, da yashi mai tsakuwa wajen masu bulo, da gawayi na daka sama-sama. Na tankaɗe kowanne sau biyu, in fitar da manya, in fitar da gari, in riƙe na tsakiya masu girman dawa zuwa wake. Garin shi ne abokin gaba, shi ke toshe ƙasa ya mai da ita laka. Da rariyar kicin na yi wannan aiki, kuma ba ta sake komawa kicin ba. Uwargida ta ce, "Malam, sabuwa za ka saya, ba ta roba ba kuma." Na saya.

Burji kashi biyu, yashi kashi biyu, gawayi kashi ɗaya. Na huda ƙasan wata tsohuwar robar wanki da ƙusa mai zafi, na jera irin, na rufe da yashi kaurinsa bai kai rabin santimita ba.

4 ga Janairu, 2024

Sun fito. Bayan asuba na haska fitilar waya na ga uku. Da farko wani ɗan kore ne a lanƙwashe kamar ƙugiya, kansa yana cikin yashi. Kafin la'asar ɗaya ya miƙe, ɓawon irin yana kansa kamar hula, ƙananan alluran a matse a ciki suna kumbura kamar lema da ba a buɗe ba. Na yi ta jin hannuna yana son cire masa hular, na danne. Autana ta tsuguna kusa da ni ta ce, "Baba, wannan ne bishiyar? Ai ciyawa ce."

Hunturu yana yi musu daɗi, ga alama. Sanyin asuba yana sauka ƙasa da digiri 15, rana kuma hazo ya rage mata kaifi. Ƙura ce kawai, kullum sai na fesa musu ruwa da robar fesa ta aski.

21 ga Janairu, 2024

Sha bakwai suka tsiro gaba ɗaya. Shida sun tafi cikin kwana huɗu.

Yadda abin yake, da daddare ka bar tsiro a tsaye lafiya lau, da safe ka tarar da shi kwance kamar an sare. In ka ɗaga sai ka ga daidai inda ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya yi ruwa-ruwa kamar zare. Fumfuna ce da ke cikin ƙasa, tana samun dama in danshi ya yi yawa iska kuma ba ta ratsawa. Laifina ne ƙarara. Ganin iskar hunturu tana busar da leɓe sai na ɗauka su ma haka suke ji, ina ba su ruwa safe da yamma, da daddare kuma in kifa musu leda don sanyi. Na haɗa wa cutar ɗaki da shimfiɗa.

Na cire ledar, na kwashe matattun tare da yashin da ke gindinsu, na ɗora robar a kan bulo biyu inda iska ke bi. Ruwa yanzu sai na tura yatsa na ji saman ya bushe. Kwana uku ke nan babu wanda ya sake faɗuwa. Saura 11.

11 ga Fabrairu, 2024

Yau na yi abin da na fi tsoro. Fayin yana sakin uwar saiwa guda ɗaya doguwa ta nufi ƙasa, ita kuwa bonsai ana son saiwoyi su bazu ta ko'ina a kwance kamar yatsun hannu a kan tabarma, don kaskon ba shi da zurfi, kuma nan ne kyan gindin yake. Masu reno a Japan suna da dabara: in karan tsiron ya juya daga kore zuwa ja-ja mai duhu, sai su tuge shi, su yanke saiwar gaba ɗaya da reza, su bar ɗan kara kaɗan ƙasa da alluran, su tsoma a garin da ke sa saiwa, su soke a yashi. Sabbin saiwoyi sai su fito a kewaye daga wajen yankan.

Garin ban same shi ba. Na ce ba zan zuba ƙwaina duka a wannan caca ba, na zaɓi biyar. Sabuwar reza, a kan marfin kwano. Da na tuge na farko na sha mamaki, tsiron bai kai tsawon ɗan yatsana ba amma saiwar ta ninka shi. Hannuna yana rawa na yanke. Abin da ya rage a tafina kamar ɗan tsinken tsintsiya mai gashi. Na soke su a yashi zalla a inuwar bango.

9 ga Maris, 2024

Biyu cikin biyar sun kama, tsakiyarsu ta yi sabon kore. Ukun sun bushe a tsaye. Da shidan da ban taɓa ba, takwas ke nan. Na raba su kowa da kofinsa na roba. Jibi ake sa ran azumi.

7 ga Afrilu, 2024

Ban yi rubutu ba saboda babu abin daɗin rubutawa. Zafin bana ba a magana, kusan kullum sama da 40. Biyar sun mutu, har da ɗaya cikin biyun da na yanke wa saiwa. Saura uku.

Da farko rana nake zargi, na yi musu rumfa da buhun algarara. Mutuwa ba ta tsaya ba. Sai ranar Juma'a da na dawo daga masallaci na ɗaga wani kofi don in matsar da shi, na kusa sakinsa. Robar ta yi zafi kamar kofin shayi. Simintin tsakar gida yana gasa shi ta ƙasa, bango yana huro masa ta gefe. Na zazzage wanda ya mutu na ga saiwoyin da ke jikin robar sun yi baƙi sun dahu. Ganyen yana iya jure rana fiye da yadda na zata, saiwar ce ba ta iya jure tukunyar da na sa ta. Bishiyar da ke fili saiwarta tana can cikin ƙasa mai sanyi. Ta cikin kofi ba ta da wajen gudu.

Hajiyarmu ce ta warware mini, ba tare da ta san ta yi ba. Ta zo shan ruwa gidanmu, ta ga ina jigilar kofuna, ta ce, "Kai kuwa ruwan randa ka taɓa jin ya yi zafi?" Nan na tuna da dabarar marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓun yana bushewa yana tafiya da zafin. Shi don adana tumatir da alayyafo ya yi. Washegari na sayo ƙananan tukwanen ƙasa uku da babban kasko ɗaya, na sa mai tukwanen ya huda mini gindinsu. Na juye tsiron da ƙasarsu ba tare da na taɓa saiwa ba, na binne tukwanen a yashin kaskon, na ɗora shi a kan benci nesa da bangon yamma. Yashin nake jiƙawa sau biyu a rana, tsiron kuwa sau ɗaya, bayan sahur. Da azahar na tura yatsa cikin ƙasar, sanyi ƙalau.

Da na san haka tun Maris, da yanzu wani lissafin nake yi.

19 ga Mayu, 2024

Ƙanena da ke aiki a Jos ya zo, da kwali a bayan mota. Dashen fayin huɗu ne na yankin Karibiyan, irin wanda ma'aikatan gandun daji suka daɗe suna shukawa a ƙasar nan, a tsaunin Jos da Afaka kusa da Kaduna. Alluransa uku-uku ne, na Japan biyu-biyu. Wannan ɗan ƙasar zafi ne, ba ruwansa da firji. Aibinsa a wajen bonsai tsawon allura, takan kai santimita 20 har ta wuce, to ka ga a jikin bishiya mai kamu biyu sai ta zama kamar yaro sanye da babbar rigar babansa. Jos kuma tana kan tudu mai sanyi, sama da mita 1,200 daga matakin teku, mu Kano ba mu kai 500 ba, don haka su ma baƙi ne a nan, baƙuncin dai bai kai na wancan ba.

Abin da na fi murna da shi ba dashen ba ne, ledar da na roƙe shi ce: ƙasa da ruɓaɓɓun allurai daga gindin manyan fayin. Fayin ba ya rayuwa shi kaɗai. Akwai wata fumfuna, ba irin wadda ta kashe mini shida ba, da ke lulluɓe ƙananan saiwoyinsa, tana miƙa zarenta cikin ƙasa tana jawo masa ruwa da abinci, shi kuma yana ba ta sukarin da ganyensa ke haɗawa. A wurare da dama a Afirka da aka fara kawo fayin, dashen ya yi ta tsumburewa yana rawaya har sai da aka kawo ƙasa daga inda fayin ya riga ya kafu. Nawa ukun nan haka suke, ba su mutu ba, ba su yi gaba ba, launinsu kamar na ganyen da ya kwana a miya. A yashin bulo da gawayi ina za su samu abokiyar zama? Na buɗe ledar, ƙamshinta kamar na ƙasa bayan ruwan farko, da fararen zare a jikin alluran. Na tona gefen kowace tukunya na cusa cokali biyu.

Ƙanen nawa yana tsaye yana kallo ya ce, "Yaya, tun daga Jos fa na ɗauko maka shara."

17 ga Yuni, 2024

Ragon layya. Daren Asabar, wato daren sallah, ya tsinke igiya. Ban ji komai ba sai ƙarar faɗuwar tukunya wajen ƙarfe uku. Na fito da gudu ba takalmi, na same shi ƙafafun gaba a kan benci yana tauna hankali kwance. Na Jos ɗaya ya cinye har ƙasa. Na Japan ɗaya ya tuge ya tattake. Wanda na yanke wa saiwa, ɗan lelen nawa, ya gutsure masa kai, ya bar kamar santimita huɗu da 'yan allurai a ƙasa. Kasurina ya yi mata aski gefe guda.

Jiya da aka yanka shi yara sai tsokanata suke, wai naman bana zai yi ƙamshin Japan. Ban yi dariya ba sai da yamma.

Saura na Japan biyu, ɗaya ba kai. Na Jos uku.

28 ga Yuli, 2024

Wanda rago ya gutsure bai mutu ba. Ƙananan idanu uku sun fito daga tsakanin alluran da suka rage, can ƙasa kusa da gindi. Wannan shi ne abin da masu bonsai ke nema da kuɗinsu, rassa a ƙasa-ƙasa, don fayin in ya miƙe ya bar gindinsa tsirara da wuya ya sake fitar da reshe a tsohon jiki. Ni da almakashi a hannu ba zan taɓa iya yi masa wannan yankan ba. Launinsu duka biyun ya fara komawa kore sosai. Ko ƙasar Jos ce, ko ruwan sama ne, ko duka.

Na fara tarar ruwan sama a durom. Na rijiyar burtsatse da 'yan garuwa ke kawo mana yana barin farin gishiri a bakin tukunya, fayin kuwa ya fi son ƙasa mai ɗan tsami.

25 ga Agusta, 2024

An gudu daga zafi an faɗa ruwa. Kwana uku a jere ana yi, kaskon yashin nan da ya cece su a Afrilu ya koma tafki. Na Jos ɗaya ya yi rawaya, na zazzage na ji saiwar tana wari. Saura biyu. Na fitar da sauran daga yashin na jera a kan katako.

Na je Ƙofar Wambai na sayo kwandunan roba masu huji, irin na tsane taliya. Masu renon fayin suna amfani da su sosai: ruwa ba ya kwanciya, kuma duk saiwar da ta leƙo ta huji iska tana busar da bakinta, sai ta yi rassa a ciki maimakon ta yi ta zagaye tukunya. Na Jos biyun na mayar ciki. In bazara ta dawo zan naɗe su da jiƙaƙƙen buhu.

Wani abu kuma. A gefen magudanar tsakar gida, inda ake zubar da tsamiyar kunu, 'ya'ya sun tsiro da kansu, sun fi goma. Babu firji, babu rumfa, babu addu'a. Na tsaya ina kallonsu, haushi da dariya suka kama ni lokaci guda. Na tuge uku na yanke musu uwar saiwa, ba ko rawar hannu, na dasa.

8 ga Satumba, 2024

Naɗin waya na farko, a jikin kasurina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan karin magana ashe umarnin aiki ne. Wayar jan ƙarfe na samo wajen mai naɗin koyil ɗin fanka a Sabon Gari. Da taurinta take zuwa, sai an gasa. Na naɗe ta kamar gammo na sa a garwashi har ta yi ja, na bar ta ta huce. Ta yi laushi kamar igiya, amma da zarar ka lanƙwasa ta sai ta sake taurare ta riƙe reshen. Shi ya sa ba a gyara naɗi sau biyu.

Ka'idar ita ce kaurin waya ya zama kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshe, a soke bakinta a ƙasa, a riƙa naɗawa a karkace, ba a kwance kamar zobe ba, ba kuma a miƙe ba. Nawa naɗin ya fito kamar rawanin wanda ya makara. Na karya reshe ɗaya. Na dai samu lanƙwasa biyu a gangar jikin.

20 ga Oktoba, 2024

Wayar ta ci jiki. Mako shida kawai. Abin da nake karantawa na ƙasashen sanyi ne, inda waya kan yi watanni, na manta kasurina a daminar Kano ba ta san jira ba. Na yanke ta gutsu-gutsu da filaya don warwarewa tana ɓare ɓawo. Tabon ya zagaye ta kamar shatar bulala. Lanƙwasar ta zauna.

12 ga Janairu, 2025

Shekara guda da fitowarsu. Na Japan mai kai santimita 14, marar kai santimita 9 da rassa uku. Sun tsaya cak tun Disamba, idon da ke saman kowanne ya yi fari ya ƙulle. Baƙin fayin yana bukatar hutun sanyi kowace shekara, kuma sanyinmu na 'yan makonni ne, na dare kawai. Da magariba ina hawa da su saman rufin ɗaki inda ya fi sanyi, da hantsi in sauko da su. Maƙwabta sun daina tambaya.

Hajiya ta zo ta zauna kusa da bencin tana jan carbi, ta daɗe tana kallon tabon kasurina. Ta ce, "Wannan abin naka ba zalunci ba ne? Allah ya halicce ta ta yi girma a sha inuwa, kai ka ɗaure ta a kwano." Na ce, "Hajiya, ai ko mangwaro ana yi masa aski." Ta ce mangwaro ana cin 'ya'yansa. Na ba ta labarin ta Hiroshima, na ce da a daji take mai yiwuwa da tuni an yi katako da ita. Ta ce, "To ita an tambaye ta?" Ban samu amsa ba. Abin da na sani shi ne bonsai da aka bari da yunwa ko ƙishi ba ta yin kyau, mutuwa take yi, kuma babu bishiyar da ake dubawa kullum a unguwar nan kamar waɗannan. Amma tabon wayar ni na yi shi, da gaggawata, kuma tana da gaskiya a kansa.

Da za ta tafi ta ce in tsamiyar ta yi kyau in ba ta ɗaya.

27 ga Afrilu, 2025

Bazara ta biyu. Tun ƙarshen Fabrairu na mayar da kaskon yashi, na naɗe kwandunan da buhu, rumfa daga ƙarfe sha ɗaya zuwa la'asar. Duk da haka na Japan mai kai ya tafi. Ya fara sakin sabon toho a Maris, zafi ya riske shi yana da taushi, ya lanƙwashe ya bushe, sauran jikin ya bi. Da na zazzage shi na ga uwar saiwar da ban yanke ba ta yi ta zagaye gindin tukunya kamar maciji, ƙananan saiwoyi 'yan kaɗan.

Cikin talatin saura ɗaya: wanda na yanke wa saiwa, rago ya yanke wa kai.

Tsamiyoyin ko a jikinsu. Har aski na yi musu sau biyu.

13 ga Yuli, 2025

Ruwa ya zauna, iska ta yi laushi, yau na sauya wa na Japan tukunya. A ƙasarsu farkon bazara ake wannan aiki, kafin toho ya buɗe. A nan abin da ke biyo bayan wannan lokacin wuta ce, don haka na zaɓi damina.

Na kifa tukunyar a tafina na bubbuga gindinta, ƙasar ta fito a dunƙule. Gefenta duk farin zare ne kamar saƙar gizo, da ƙamshin nan na ledar Jos. Na kira uwargida ta zo ta gani, ta ce, "Malam, ai ruɓewa ya yi." Na ce wannan ruɓar ita nake jira tun bara. Da tsinken tsire na ɗan buɗe saman ƙasar a hankali: saiwoyi shida, sun fito daga wuri ɗaya, daidai inda reza ta bi, sun bazu kamar ƙafar kaza. Ɗaya ta fi sauran kauri, na rage mata tsawo kaɗan don 'yan uwanta su kamo ta. Ban wanke ba, ban karkaɗe tsohuwar ƙasar ba. Na zaunar da shi a kwandon roba, na cika da sabon haɗi, na ɗaure shi da waya ta ƙasa don kada iska ta girgiza shi.

Cikin rassansa uku zan bar ɗaya ya yi ta tafiya ba aski, shekara uku ko huɗu, don shi ne zai kumbura gindin, in ya gama aikinsa a yanke shi. Biyun na ƙasa su ne bishiyar gaba. Yanzu kaurin gindin bai kai fensir ba.

Na Jos biyun sun kai gwiwa, allurai har suna rufe kwandon. Ɗaya na ga shatar gara a katakon da yake kai, na sauya masa bulo. Kasurina tabonta ya fara cikewa. Tsamiya ɗaya ta tafi gidan Hajiya ranar Juma'a, a kaskon da na sa aka yi mata mai ƙafa uku. Na kuma yanko reshen cediya daga ƙofar gidan kakanmu a cikin gari na soke a yashi.

Taki sai nan da mako huɗu, in ya nuna ya kama. Ragon baɗi kuma a gidan ƙanin uwargida zai kwana, mun riga mun yi magana.